TSOFAFFIN SUNAYEN ƘASAR SIRI LANKA DA ASALINSU

Bahaushe ya ce suna linzami ne. In kuwa haka ne, to akwai wani tsibiri a Tekun Indiya wanda ya sha linzamai iri-iri cikin shekara sama da dubu biyu, domin kowane baƙo ya sauka a gaɓarsa sai ya ɗaura masa nasa. Wannan tsibiri shi ne ƙasar da ake kira Siri Lanka a yau. Tana kudu maso gabas da ƙarshen ƙasar Indiya, ɗan siririn mashigin ruwa ne kurum ya raba su. Faɗinta murabba'in kilomita 65,610 ne, watau Jihar Neja ta nan gida ma ta fi ta girma, mutanenta kuwa sun kusa miliyan 22.

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a bi sawun sunayen da aka taɓa kiran tsibirin da su, a ga inda kowanne ya samo tushe. Almajirin da ya karanta labarin saukar Annabi Adamu a Sarandib, da tsohon ɗan makarantar da ya haddace Silon a darasin labarin ƙasa, da mai sauraron rediyo da ya saba jin Siri Lanka, dukansu wuri ɗaya suke nufi, ko da yake ba lalle ne su san haka ba. Abin da zai ba ɗalibin harshe sha'awa kuwa shi ne, da yawa daga cikin sunayen nan da ake gani kamar ba su haɗa kome ba, in aka tona sai a tarar saiwarsu ɗaya, bakunan mutane ne kawai suka sassaƙe su.

Lanka da Tambapanni

Sunan da ya fi kowanne daɗewa a bakin 'yan ƙasa shi ne Lanka. Ya fito a cikin Ramayana, doguwar waƙar nan ta Hindu da aka tsara da harshen Sansikirit, inda aka ce Lanka ita ce masarautar Rawana, sarkin da ya sace Sita matar Rama ya tsallaka teku da ita. Galibi akan fassara kalmar da "tsibiri", amma masana ba su haɗu a kan harshen da ta fito daga gare shi ba, kuma akwai masu ganin cewa Lanka ta cikin waƙar dabam, wannan tsibiri dabam, daga baya ne aka haɗa su. Ko ma dai yaya ne, littattafan tarihi na malaman addinin Buda na tsibirin, watau Dipawamsa na wajen ƙarni na 4 na Miladiyya da Mahawamsa wanda ya biyo bayansa, sun yi amfani da sunan Lanka ba tare da wata tababa ba.

A cikin Mahawamsa ne kuma muke samun labarin suna na biyu. An ce wani ɗan sarki daga arewacin Indiya mai suna Wijaya ya addabi talakawan ubansa da ɓarna, har uban ya gaji ya sa shi cikin jirgin ruwa tare da mabiyansa 700, aka kore su. Suka yi ta yawo a teku har suka sauka a arewa maso yammacin tsibirin, a shekarar da al'adar 'yan ƙasar ta ƙidaya 543 kafin haihuwar Annabi Isa. Da suka fito a gajiye suka dafa ƙasa suka zauna, sai suka ga tafin hannuwansu ya rine ja saboda jar ƙasar wurin. A harshen Pali tamba shi ne jan ƙarfe, pani kuwa hannu, don haka suka kira wurin Tambapanni, daga bisani sunan ya game tsibirin baki ɗaya.

Mai karatu zai ji ƙanshin labarin Bayajida a nan, kuma ba zai yi kuskure ba. Wijaya ma baƙo ne ɗan sarki, ya tarar da wata mace mai iko a ƙasar, sunanta Kuweni, ya aure ta, ta taimake shi ya kafa mulki. Irin wannan labari na kafuwar al'umma ba a auna shi da ma'aunin tarihi zalla, amma ba a kuma yar da shi. Masana harshe dai sun fi karkata ga cewa Tambapanni daga kalmar Sansikirit Tamraparni take, wadda ke nufin ganye mai launin jan ƙarfe. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin a kudancin Indiya akwai kogi mai wannan suna har yau, kuma yana faɗawa teku ne daidai daura da gaɓar da aka ce Wijaya ya sauka. Ga alama mutanen da suka ƙetaro ne suka taho da sunan koginsu, labarin jan hannu kuwa aka ƙaga shi daga baya don a bayyana sunan da aka manta asalinsa. Abin da babu shakka a kansa shi ne tsufan sunan, don Sarki Ashoka na Indiya ya ambace shi a rubuce-rubucen da ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya.

Wannan suna ne ya isa kunnen Yunanawa, suka lanƙwasa shi ya koma Taprobane. Onesikiritus, ɗaya daga cikin matuƙan jiragen ruwan Iskandar Mai Girma, yana cikin na farko da suka rubuta shi, ko da yake jin labari ya yi, bai taka tsibirin ba. Marubucin Rumawa Filini ya kawo labarin jakadun da suka zo Rum daga Taprobane a zamanin Sarki Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa ta 54. Sa'an nan a wajen shekara ta 150 Baɗlimus na Iskandariyya ya sa tsibirin a cikin littafinsa na labarin ƙasa, sai dai ya kumbura shi ya ninka ainihin girmansa fiye da sau goma. Wannan kuskure ya daɗe yana wahalar da mutane. Da Turawa suka fara ratsa Tekun Indiya da kansu, suka ga tsibirin bai kai yadda Baɗlimus ya zana ba, sai waɗansu masu zanen taswira suka ce lalle Sumatara yake nufi, suka ɗauke sunan Taprobane suka liƙa wa wancan tsibiri. Ka ji yadda suna kan yi ƙaura ya bar mai shi.

Zuriyar zaki

Suna na uku shi ne ya fi kowanne 'ya'ya da jikoki. A cewar Mahawamsa, kakan Wijaya na wajen uba zaki ne, wanda ya ɗauke wata 'yar sarki ya kai ta kogonsa. Ɗan da suka haifa, Sinhabahu, shi ne ya kashe zakin da hannunsa bayan ya girma. Sinha shi ne zaki a Sansikirit, daga nan aka sami Sinhala, sunan kabilar da ta fi rinjaye a ƙasar, wadda ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a. Dwipa kuma shi ne tsibiri. Saboda haka Sinhala-dwipa, ko Sihala-dipa a harshen Pali, ma'anarsa tsibirin mutanen zaki. Abin mamaki shi ne babu zaki ko ɗaya a dazukan ƙasar, amma ga shi nan a jikin tutarta riƙe da takobi. Wani malamin Buda ɗan ƙasar Sin mai suna Fa Hiyan, wanda ya zauna shekara biyu a tsibirin a farkon ƙarni na 5, bai wahalar da kansa wajen kwaikwayon lafazin ba, fassara shi ya yi kai tsaye ya kira wurin Ƙasar Zakoki.

Sauran baƙi kuwa da kunne suka kama sunan, kowa ya furta yadda harshensa ya ba shi. A ƙarni na 4 marubucin Rumawa Amiyanus ya ambaci mutanen Serendibi cikin waɗanda suka aiko wa Sarki Juliyan jakadu. A ƙarni na 6 wani ɗan kasuwar Iskandariyya mai suna Kosmas ya rubuta Siyelediba. A bakin Farisawa da Larabawa kuma sunan ya zauna a kan Sarandib.

Yana da kyau mu ɗan tsaya a nan mu ga yadda Sihala-dipa ta zama Sarandib, domin babu wani sauyi a ciki da ɗalibin Hausa bai san irinsa ba. Na farko, sautin l ya koma r. Waɗannan sautuka biyu maƙwabta ne a wurin furuci, kuma sukan yi musanya, kamar yadda Basakkwace ke cewa halshe, Bakano ya ce harshe. Na biyu, sautin p ya koma b, saboda Larabci ba shi da p. Mu ma ba mu da shi, sai dai mu f muke mai da shi, shi ya sa muke cewa fensir da fam da famfo. Na uku, wasalin ƙarshe ya faɗi. Ita kuwa kalmar dipa ba a nan kaɗai ta bar sawu ba, ita ce a ƙarshen sunan tsibiran Maldib da ke yamma da Siri Lanka. Akwai masu cewa Sarandib daga wata kalma dabam take mai nufin tsibirin zinariya, ko kuwa daga sunan masarautar Cera ta kudancin Indiya, amma a ganina bayanin farko ya fi tsayuwa, tun da ana iya bin matakansa ɗaya bayan ɗaya a rubuce.

Sarandib a littattafan Musulmi

Da wannan suna ne tsibirin ya shigo zaurukan karatunmu. Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo ruwayar cewa sa'ad da aka fitar da Annabi Adamu daga Aljanna, a kan wani dutse na Sarandib ya sauka, Hauwa'u kuma ta sauka a Jidda. Ya kamata a lura cewa wannan magana ta littattafan tarihi da ƙissoshi ce, Alƙur'ani bai ambaci wurin ba. Dutsen yana nan a kudancin tsakiyar ƙasar, tsawonsa mita 2,243, kuma a ƙololuwarsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. Musulmi suka ce sawun Annabi Adamu ne, mabiya Buda suka ce na Buda ne, suna kiransa Siri Pada, 'yan Hindu kuma suka ce na Shiba ne. Haka kuma jerin tudun rairayi da ya miƙa daga tsibirin zuwa Indiya, waɗansu na kiransa Gadar Adamu, 'yan Hindu na kiransa Gadar Rama.

Ibn Baɗuɗa ya hau dutsen nan a shekarar 1344. Ya bayyana sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa don masu hawa su riƙa kamawa, ya kuma ce tsawon sawun taƙi goma sha ɗaya ne. Shi ne dai matafiyin da bayan 'yan shekaru ya ratsa Mali da Takedda, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai jan ƙarfen Takedda. Abin lura a rubutunsa shi ne, dutsen ya kira da sunan Sarandib, amma tsibirin kansa Sailan ya ce. Ashe tun a lokacin sabon suna ya fara ture tsoho.

Larabawa suna da wani laƙabi kuma, watau Jaziratul Yaƙut, tsibirin yaƙutu. Balazuri ya ba da labarin cewa sarkin wannan tsibiri ya aika wa Hajjaju bin Yusuf waɗansu 'yan mata marayu, 'ya'yan fataken Musulmi da suka rasu a ƙasarsa, sai 'yan fashin teku suka tare jirgin a kusa da Daibul, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka tura Muhammadu bin Ƙasim ya ci ƙasar Sindi a wajen 711. Masana tarihi da yawa sun ɗauka Sarandib ake nufi. Shi Balazuri cewa ya yi kyawun fuskokin matan wurin ne ya jawo laƙabin, amma ƙasar ta shahara da duwatsu masu daraja tun fil azal, har 'yan ƙasa da kansu suna kiranta Ratnadipa, tsibirin jauhari. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya kuwa zai tuna cewa a tafiyarsa ta shida Sindbad ya faɗa Sarandib, sarkinta ya ba shi wasiƙa da kyaututtuka ya kai wa Haruna Rashid.

Sunan nan ya haifi kalma a Ingilishi ta wata hanya mai ban dariya. Akwai wata hikaya ta Farisa game da 'ya'yan sarkin Sarandib su uku, waɗanda suka siffanta wani raƙumi da ya ɓace ba tare da sun gan shi ba, suka ce mai ido ɗaya ne, gurgu ne, kuma yana da giɓi, duk daga alamun da ya bari a hanya. An buga ta da Italiyanci a birnin Banis a 1557. A ranar 28 ga Janairu 1754 wani marubucin Ingila, Horace Walpole, ya rubuta wa abokinsa wasiƙa, ya ce daga wannan hikaya ya ƙirƙiri kalmar serendipity, ma'ana mutum ya ci karo da alherin da ba shi ya fita nema ba, kusan abin da mu muke kira gam-da-katar. Walpole bai ma tuna labarin daidai ba, don alfadari ya ce maimakon raƙumi, amma kalmarsa ta zauna daram.

Yadda aka sami Silon

Sailan ɗin da Ibn Baɗuɗa ya rubuta ita ma jikar Sihala ce, sai dai a wannan karo an yar da dipa, kuma l ta tsira. Marko Folo, wanda ya bi ta wurin a ƙarshen ƙarni na 13, Seilan ya rubuta. Turawan Fotugal suka iso a 1505, waɗansu suka ce 1506, ƙarƙashin Lorenso da Almeda, kirfar ƙasar ta riƙe su, suka rubuta sunan Ceilão. Turawan Holan suka kore su, suka kama Kolombo a 1656 da Jafna a 1658, su kuma suka riƙa rubuta Zeilan ko Ceylon. Ingilishi suka karɓe garuruwan gaɓa a 1796, suka gama da masarautar Kandi ta cikin duwatsu a 1815, suka bar sunan a kan Ceylon. Bahaushe in ya ga wannan rubutu zai so ya karanta harafin farko kamar na ciki ko cuku, amma Silon ake furtawa. Da wannan suna ƙasar ta sami mulkin kai a ranar 4 ga Fabrairu 1948, ta kuma ci gaba da amsa shi har shekara 24.

Sai dai Silon sunan waje ne. Basinhale a gidansa Lanka yake cewa tun kafin zuwan Turawa har bayan tafiyarsu. Su kuwa Tamilawa, waɗanda suka fi yawa a arewa da gabas, suna da sunaye biyu. Ɗaya shi ne Ilankai, wanda Lanka ce aka yi wa ƙarin wasali a gaba, saboda a ƙa'idar Tamilanci ta asali kalma ba ta farawa da l, kamar dai yadda Larabawa suka mai da sunan Plato ya zama Aflaɗun. Ɗayan shi ne Ilam, wanda yake cikin tsofaffin rubuce-rubucen Tamilanci tun kimanin shekara dubu biyu da suka wuce. Asalin Ilam abin jayayya ne. Waɗansu masana sun ce Sihala ce ta gajarce, waɗansu suka ce kalmar Tamilanci ce tsantsa mai alaƙa da bishiyar da ake tatsar bammi ko kuwa da zinariya. Wannan gardama ta wuce ta malaman harshe, domin abin da ke ƙarƙashinta shi ne wace kabila ce ta riga wata zama a tsibirin.

Harafi ɗaya da abin da ya jawo

A 1956 gwamnatin Firayim Minista Bandaranaike ta kafa dokar da ta mai da Sinhalanci shi kaɗai harshen hukuma. Kafin lokacin, lambobin motoci suna ɗauke da haruffan boko da aka tsamo daga kalmar Ceylon. A ƙarshen wannan shekara aka ce a maye gurbinsu da harafin Siri na rubutun Sinhala. Ita kalmar Siri ta Sansikirit ce, ta girmamawa, tana nufin mai albarka ko mai haske, kuma Tamilawa ma suna da ita a nasu rubutun. Amma ganin harafin wata kabila a jikin kowace mota ya zame musu alamar cewa an mai da su baƙi a ƙasarsu. A 1958, da aka aika sababbin motocin safa masu wannan harafi zuwa Jafna, sai matasa suka bi su suna shafe shi da kwalta suna rubuta nasu. A kudu kuma aka rama, aka bi allunan kantuna masu rubutun Tamilanci ana shafewa. A watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke, aka yi hasarar rayuka masu yawa, galibinsu Tamilawa.

Da wannan tabo aka shiga 1972. A ranar 22 ga Mayu, a zamanin Sirimabo Bandaranaike, matar da ta fara riƙe muƙamin firayim minista a duniya a 1960, aka kafa sabon tsarin mulki, aka raba ƙasar da sarautar Ingila, aka kira ta Jamhuriyar Siri Lanka. Sunan ba sabo ba ne, jam'iyyar da mijinta ya kafa a 1951 tana ɗauke da shi. A fuska ɗaya abin alfahari ne, ƙasa ta tuɓe sunan da baƙi suka sa mata ta koma ga nata. To amma tsarin mulkin nan ya tabbatar da fifikon Sinhalanci, ya kuma ba addinin Buda matsayi na gaba, babbar jam'iyyar Tamilawa kuwa ta riga ta fice daga majalisar da ta tsara shi. A watan Mayu na 1976 shugabannin Tamilawa suka yi taro a Badukodai suka nemi ƙasarsu ta kansu, suka tono tsohon sunan nan suka kira ta Tamil Ilam. A 1978 aka sake tsarin mulki aka ƙara wa sunan hukuma kalmomin dimokuraɗiyya da gurguzu, a 1987 kuma aka karɓi Tamilanci a matsayin harshen hukuma na biyu, amma a lokacin wuta ta riga ta kama. Yaƙin da aka gwabza tsakanin gwamnati mai tutar zaki da 'yan tawaye masu tutar damisa ya ɗauki daga 1983 zuwa 2009, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ya ci mutum 80,000 zuwa 100,000. Ba suna ne kaɗai ya haddasa shi ba, akwai batun aikin gwamnati da shiga jami'a da rabon filaye, amma duk wanda ya bi tarihin zai ga a kan harshe da suna aka fara ɗaga murya.

Shi kuwa Silon bai mutu ba. A farkon 2011 gwamnati ta ba da sanarwar cire shi daga sunayen hukumominta, amma ta ƙyale shi a kan ganyen shayi, don da wannan suna duniya ta san shayin ƙasar tun bayan da wani ɗan Sikotlan, James Taylor, ya fara noma shi a 1867, kuma Thomas Lipton ya sayi gonaki a can a 1890. Har yau akwatin shayin da aka cika a ƙasar yakan fito da tambarin zaki da kalmar Ceylon a ƙarƙashinsa. Lafazin Turawan Holan ma yana nan a ɓoye cikin littattafan ilmin tsirrai, inda duk tsiron da aka ga an liƙa wa zeylanica ko zeylanicum a ƙarshen sunansa, to da wannan tsibiri aka danganta shi, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce kirfar nan da ta tsayar da jiragen Fotugal.